Yadda za ka rage ban ruwa ba tare da tumakinka sun rame ba

Mu da ke shuka ciyawar tumaki a bakin tsofaffin ramukan kuza na wajen Bukuru da Rayfield mun san Fabrairu da Maris su ne watannin wahala. Ruwan sama ya ɗauke tun Oktoba, kududdufi ya ja baya, masu kabeji da karas na jan nasu, ga fetur ya yi tsada. Ragewa dole ce.

Kada ka yayyafa ɗan ruwan da ya rage a fili duka. Wanda ya tsaya a saman ƙasa rana da iska ke shanyewa, saiwa ba ta samu ba. Zaɓi gefen da ƙasarsa ta fi zurfi, kusa da injin ban ruwa, ka ƙosar da shi da sassafe ko da yamma, sannan ka ƙara kwanaki tsakanin shayarwa. Sauran filin ka sallama. Gamba ba ta mutuwa don ta bushe, da ruwan Afrilu take farfaɗowa, muddin ba a cinye ta har gindi ba. Nan ne mutane ke ɓata aikinsu: tunkiya tana cin ciyawa dab da ƙasa, ciyawar da ke jin ƙishi kuwa ba ta saurin tohowa. Ka kwashe tumakin tun ciyawar na da sauran taƙi guda, ka ƙara wa fegin hutu. Takin yuriya ma dakata da shi sai ƙasa na da laima.

Ɗanyar ciyawar ba ta kowa ba ce. Cikin tunkiya wata 5 ne, kuma a makonni 6 na ƙarshe ɗan ya fi girma, don haka masu tsohon ciki da masu shayarwa su ne a gaba. Idan suka rasa, sai a haifi ɗa ƙarami, nono ya yi kaɗan. Raguna a turke su da harawa da dusa da kowar wake. Ni kam na fi son in kai biyu kasuwar dabbobi ta Kara tun suna da tsoka da in riƙe su suna ramewa. Ka riƙa shafa gadon bayansu, in ƙashi ya fara tsini, abinci ya gaza.

Abu biyu ke kisa a wannan lokaci. Gyauron dawa da ya sha ƙishi yana da guba. Taɓon bakin kududdufi kuma, inda kore ke jan su, can suke ɗauko ciwon hanta, don haka ka ba su ruwa a kwatarniya ko rabin duro.