Yadda za ki fitar da hoton mage ko doki da ƙyallayen yadi

Duk telan da ya san kansa yana da buhu ɗaya a bayan keke da yake tura ƙyallaye ciki, guntun atamfa, guntun shadda, ragowar leshi, bai iya zubarwa kuma bai san me zai yi da su ba sai dai yara su zo su ɗiba su yi wa 'yartsana kaya. Toh yau buhun nan za mu zazzage. Abin da zan nuna shi ne yadda za ki ɗauki hoton magenki ko dokin maigida ko tantabarar ƙaninki da ke cikin waya ki fitar da shi da yadi zalla, ba fenti ba biro, har wanda ya san dabbar yana gani ya ce kai ai wance ce. Ina cewa "ki" ne don sabo, maza teloli ku ma ku matso.

Turawa kwilt suke ce masa, asalinsa bargo ne mai hawa uku, yadin sama da abu mai laushi a tsakiya da yadin baya sai a bi su da ɗinki a haɗe. A Amurka abin ya sauka daga kan gado ya hau bango, tun 1979 suke wani baje koli a jihar Ohayo mai suna Quilt National na irin waɗanda ba a lulluɓa da su sai dai kallo. Ni kuwa wadda ta ja ni ciki wata mata ce Bisa Butler, babanta ɗan Ghana ne, hotunan mutane take yi kuma da atamfa irin wadda muke ɗaurawa, har babban gidan zane na Shikago ya baje aikinta a 2020. In kin ga aikinta za ki ga fuska da shuɗi da ja da kore amma mutum ne sak, kuma anan duk maganar take, kala ba ita ke fitar da kamanni ba, haske da duhu ne.

Ni sai da na sha wuya na gane haka. Aikina na farko magen Hajiyarmu ce, wata ja-ja mai ratsi, na zauna na tsince duk wani ƙyalle mai ruwan lemo a buhun nan na kwana uku ina yanka ina mannawa, da na gama na jingina a bango na ja baya wallahi kabewa ce mai kunnuwa, ba hanci ba kumatu komai ya shafe, saboda yadikan duk da zanensu daban-daban ne nauyin kalarsu ɗaya ne.

Fara da hoton. Ki nemi wanda haske ya bugi dabbar ta gefe ɗaya, irin na safe ko na bayan la'asar a bakin ƙofa, ɓari ɗaya na fuskar ya yi haske ɗayan inuwa. Wanda aka ɗauka da filasha cikin dare ki bar shi, yana kashe inuwa kuma idon mage ya koma kamar tocila. Kai da wuya sun isa a karon farko, kar ki ce sai kin yi doki sukutum da sirdi da linzami da mahayi. Ki shiga wajen gyaran hoto a wayarki ki mayar da shi baƙi da fari, ki ɗan ƙara masa ƙarfin bambancin haske da duhu, sai ki kai shagon kwamfuta su buga miki shi babba, takardar A3 in suna da ita, in babu su raba shi a A4 guda biyu ki haɗe da salatif. Kwafi biyu za ki karɓa, ɗaya na yanka ɗaya na kallo.

Yanzu ki ɗau biro ki zagaye wurare a kan hoton gwargwadon duhunsu, mataki biyar ya isa, inda ya fi haske ki rubuta 1 inda ya fi duhu ki rubuta 5, sauran a tsakani. Zai yi kama da taswirar ƙananan hukumomi, haka ake so. In kin rasa inda iyaka take ki ɗan kanne ido ki kalla, ƙananan abubuwa za su ɓace manyan su fito. Kar ki bi gashi ɗai-ɗai, ɗinki ne zai yi wannan daga baya. Sai ki manna takardar a gilashin taga da rana, ki ɗora farin akoko a kai ki kwafi layukan da fensir, shi ne gindin aikin da za a manna komai a kansa, ki bar masa rara kamar santimita 5 ta kowane gefe.

Sannan yadi. Ki wanke su tukuna musamman atamfa, wata tana zuba, kuma sitacin da ke jiki yana hana gam kamawa. Mai auduga ya fi daɗin aiki, na roba yana zamewa kuma dutsen guga na ɗan wuce ƙima zai narke miki. Ki goge su ki baza a tabarma ki ɗauke su hoto da wayar a baƙi da fari, anan za ki sha mamaki, jan da kike wa kallon mai haske sai ki ga ya tafi wajen 4, rawaya kuwa kusan kullum tana wajen 1 ko 2. Ki kasa su kashi biyar bisa abin da wayar ta nuna, ba abin da idonki ya ce ba. Baƙin doki akawal ko baƙar mage su suka fi ba da wahala don in kin zuba baƙin yadi ko'ina rami kawai za a gani, sai kin sa shuɗi mai duhu da ruwan toka da ɗan ruwan makuba a inda haske ya taɓa. Kuma kar ki raina zanen atamfa, ganye ko gashin tsuntsu da aka zana a jiki in kin yanka shi ya bi inda gashin dabbar ya kwanta ya gama miki rabin aiki. Yadin da bakinsa ke saurin warwarewa ki manna masa wannan farin abin da muke sa wa kwalar riga da guga a bayansa kafin ki yanka, mara kauri.

Ki yanka kwafin takarda guntu-guntu bisa layukan, kowane guntu ki ɗora shi a fuskar yadin da lambarsa ta dace ki kafe da fil ki yanka, amma gefen da zai shiga ƙarƙashin maƙwabcinsa ki bar masa rabin santimita don kar farin akoko ya riƙa leƙowa. A fuskar yadi na ce, in kika ɗora a bayansa guntun zai fito a juye. Gam kuwa farin nan na kafintoci irin Top Bond ya wadatar, ɗigo kaɗan da tsinken sakace a tsakiyar guntun kawai, ki bar bakin a sake don ki iya ɗagawa ki cusa wani a ƙasa, sai kin gamsu da komai sannan ki bi bakunan ki manne. In kika lafta gam yadi zai yi tauri kamar kilishi allura ta riƙa karyewa.

Da ido nake farawa, kuma nan ne zan ce ki zauna ki ɓata lokaci. Ido a ƙarƙashin fata yake, don haka shi ake fara ajiyewa sauran su hau bakinsa. Kalar ƙwayar tukuna, sai baƙin tsakiya, na mage a tsaye yake na doki a kwance, sai siririn ƙyalle mai duhu ta sama don inuwar fatar ido, sai ɗan farin ɗigo wanda bai kai ƙwayar gero biyu ba inda haske ya faɗa, kuma duka idanun biyu ɗigon ya zauna ɓangare ɗaya in ba haka ba za ki samu mage mai harara garke. Daga ido sai hanci, sai ki riƙa buɗewa waje. Duk bayan ɗan lokaci ki jingina ki ja baya taku biyar ko ki ɗauka a waya ki gani a ƙarami, kuskure a ƙaramin hoto yake fitowa. Filin da ya kewaye dabbar kuma ki sa yadi mai sanyi wanda ba ya surutu.

Na san akwai gidajen da ba a rataye hoton abu mai rai, wannan kowa da abin da malaminsa ya karantar da shi, hanyar dai ɗaya ce ko ƙofar gari za ki yi ko bishiyar kuka ko tulu da faifai.

In gam ya bushe sai haɗa hawa uku, yadin baya, soso siriri ko tsohon bargo mara kauri, sai aikin a sama, ki kafe da fil da yawa daga tsakiya zuwa waje. In guntayen sun yi ƙanana sosai ki shimfiɗa net mai laushi irin na kayan amare a kai, baƙi ko ruwan toka ya fi ɓacewa a ido fiye da fari. Allura lamba 14, in ta yi gardama 16. Ki saukar da haƙoran keke in naki yana sauka, in ba ya yi ki rufe su da ɗan kwali mai huda, ki sa ƙafar da ba ta danne yadi, ke ce za ki riƙa jan aikin da hannu kamar yadda masu aikin wuyan riga suke yi, ƙafa da sauri hannu a hankali. Ki gwada a wani ƙyalle tukuna don farko ɗinkin zai yi ta tsalle. Ɗinkin ya bi kwanciyar gashi, daga hanci ya nufi kunne, zare kuma ya bi lambar wurin, mai haske a haske mai duhu a duhu. Gashin bakin mage shi ne ƙarshe, da hannu, da farin zare mai kauri.

Ki datse gefuna su miƙe ki naɗe baki da dogon ƙyalle, a baya ta sama ki ɗinka aljihu mai faɗin santimita 10 da za a zura sanda a rataye. Kar a kafa shi inda rana ke duka don atamfa na koɗewa, kuma ba a wanke shi, in ƙurar hunturu ta hau ki sauke ki karkaɗe da burushi mai laushi.