Takardar gwajin baƙin mai: inda aka fi yin kuskure wajen karanta ta

Masu manyan janareto da masu tireloli sun fara gane amfanin ɗibar baƙin mai a kwalba su aika ɗakin gwaji, kamar yadda ake ɗibar jinin majinyaci. Rikicin yana farawa ne ranar da takarda ta dawo. Wani ya hango lamba ɗaya da aka yi wa ja, hankalinsa ya tashi, ya ce bakanike ya sauke inji. Wani kuma ya ga ba ja ko ɗaya, ya ninke takarda ya cusa a durowa, bayan wata biyu inji ya buga masa a tsakiyar hanya.

Babban kuskure shi ne yanke hukunci da takarda ɗaya tak. Lambar ƙarfe, wadda ake rubutawa Fe, ana auna ta da ppm, wato kashi nawa ne cikin miliyan. A ce janareto biyu ne, na farko ya nuna 60, na biyu 40. Kowa zai nuna na farko da yatsa. To amma idan man na farko ya yi awa 500 yana aiki, na biyu kuma awa 150 kacal, ai na biyun ne ke cin jikinsa, har fiye da ninki biyu. Saboda haka kada kwalba ta bar hannunka sai ka rubuta awa ko kilomitan da man ya yi, da irin man, da litar da aka ƙara tun juyen baya. Wannan na ƙarshen ana yawan mantawa da shi. Injin da ke shan mai, kullum ana yi masa ciko, sabon man yana tsinka tsohon, sai lambobi su yi kyau alhali ciwo na nan. Sai ka jera takardu uku ko huɗu na inji ɗaya, kana ɗiba a tazara iri ɗaya, sannan za ka ga ko lambar tana tafiya a hankali ko ta yi tsalle.

Ɗibar ma kanta akwai gyara. Yaron shago ya kwance noti da safe inji na sanyi, ya tari farkon abin da ya zubo a gorar ruwa da ya tsinta. Wannan laka ce ta ƙasan inji, ba ta gaya maka komai sai ƙarya. A bar inji ya ɗauki zafi, a kashe, a bar farkon ya wuce, a tari na tsakiya a kwalbar da ɗakin gwaji ya bayar. A haɗa da kwalba ɗaya ta sabon mai daga jarkar da ake juye da ita. Da ita za a kwatanta, kuma a kasuwar da jabu ya yi yawa, wani lokaci a nan asirin mai sayarwa ke tonuwa.

Rashin wannan kwalba ta biyu ne ke sa mutane firgita da Zn, P, Ca da Mg, wato sinadaran zinc, phosphorus, calcium da magnesium. Waɗannan sukan kai ɗaruruwa ko dubbai, kuma kamfanin mai ne ya zuba su da gangan don kare ƙarfe da wanke datti.

Si kuwa, wato sinadarin silikon, a ƙasar da ake hunturu da ƙura, ya cancanci a tsaya a kansa. Galibi ƙura yake nufi, amma ba kullum ba. Idan kwanan nan aka buɗe inji aka shafa gam ɗin silikon a bakin gaskit, Si zai hau, kuma ba abin damuwa ba ne. Sabon mai ma yana zuwa da ɗan kaɗan saboda maganin kumfa. Yadda ake rarrabewa shi ne a duba maƙwabtansa. Ƙura tana tafe da Al, wato alminiyom, kuma idan ta shiga tana gurzar silinda da zoben fistan, sai Fe da Cr, wato ƙarfen chromium, su biyo baya. In ka ga su huɗun sun tashi tare, bar maganar canja mai, je ka bi hanyar iska: filta, robar da ta tsage, kilif da ya saki. Ni dai ban yarda da al'adar nan ta busa filta da iska mai ƙarfi a mayar ba, don takan huda takardar ciki inda ido ba ya gani.

Haka Cu, jan ƙarfe. Shi kaɗai ya hau, musamman a sabon inji ko bayan an sa sabuwar na'urar sanyaya mai, yawanci daga jikin bututunta yake narkowa, kuma yana sauka bayan juye biyu ko uku. Amma idan ya zo da dalma da kuza, Pb da Sn, to metal ne, wato boris ɗin da karanshaf ke juyawa a kai, ke cinyewa, wannan ba a kwana da shi. Injin da aka yi wa aiki sabo ma duk ƙarafansa kan yi sama a juyen farko, a yi masa uzuri.

Kaurin mai yana da tasa yaudarar. Mai lamba 15W-40 ya kamata kaurinsa a zafin digiri 100 ya tsaya tsakanin 12.5 da 16.3. Gas da ke ɗiga daga nozul yana tsinka shi, baƙin hayaƙi kuma yana ƙara masa kauri. Idan biyun suka haɗu a inji ɗaya, sai su kashe juna, lambar ta zauna daram a tsakiya. Don haka a karanta layin gas da na hayaƙi dabam, kada a tsaya a kauri. TBN kuma, wato ragowar ƙarfin man na kashe tsami, da na sabon man ake auna shi. In ya faɗo ƙasa da rabi a fara shirin juye, kuma gas mai yawan farar wuta yana saurin cinye shi.

Akwai wani tarko da ya fi shafar mu. Ɗakin gwaji yana gane yoyon lagireto ne ta Na da K, sinadaran da ke cikin ruwan sanyaya inji na kamfani. Mu kuwa da yawa ruwan famfo ko na rijiya muke ɗurawa. Irin wannan ruwa in ya tsiyaya kaɗan kaɗan cikin mai mai zafi sai ya ƙone ya fita, ba ya barin shaida sosai. A gaya wa masu gwajin abin da ke cikin lagireto, kuma in ruwa yana raguwa ba a ga inda yake zuba ba, a gwada gaskit ko da takarda ta ce lafiya.

Na'urar da ke ƙirga ƙarafan nan ƙananan ɓurɓushi kawai take gani, waɗanda ba su wuce 'yan mikron ba (mikron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Injin da ya fara zubar da manyan gutsattsari yana iya nuna Fe ƙasa ƙasa. A nemi a ƙara gwajin PQ, wanda ke auna ƙarfe da maganaɗisu ko da wane girma ne. In PQ ya hau Fe bai motsa ba, a yanka tsohuwar filtar mai, a baje takardarta a rana, a duba ko akwai ƙyalli.