Yadda za ka kafa lokacin addu'a na kanka

Da farko, tsayar da lokaci. A ganina asuba ta fi, tun yara ba su tashi ba. A Markus 1:35, Yesu ma da asussuba ya fita wurin da ba kowa ya yi addu'a. Minti 10 ya isa.

Ajiye waya nesa, buɗe Littafi Mai Tsarki, karanta Zabura ɗaya a hankali, ko da ta 23 ce.

Sai godiya, sai furta zunubi, sannan roƙo. Ambaci mutane da sunayensu. Ranar da baki ya yi nauyi, yi Addu'ar Ubangiji da ke Matiyu 6.

Rubuta roƙe-roƙenka a ƙaramin littafi da kwanan wata. In rana ta kuɓuce maka, kashegari ka koma.