Daga Jos zuwa daji da kare a mota: inda aka fi yin kuskure

Yawancin masu cire kujerun bayan Hiace ko Sienna su shimfiɗa katifa, su ɗauki karensu zuwa Yankari, Wase ko tafkin Pandam, da yanayin Jos suke auna shirinsu. Nan matsala take farawa. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma da zarar ka gangara wajen Toro ka nufi Bauchi, ka shiga wata duniya. A watan Maris da Afrilu zafin can yana kai maki 40 a ma'aunin Celsius.

Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake rage zafin jikinsa. Zafin jikinsa na lafiya maki 38 zuwa 39 ne, idan ya haura 41 rai na cikin haɗari. Motar da aka kulle a rana tana wuce haka cikin mintuna, ko da an ɗan sassauta gilashi. Saboda haka tsayawa sallah ko cin abinci a bar shi ciki ba ƙaramin ganganci ba ne. Ka fito da shi, ka ɗaure a inuwa, ka ajiye masa ruwa. Idan ka ga harshe ya zazzago ya yi jawur, yawu yana dalala, yana tangaɗi, ka kwarara masa ruwa mai sanyi a ciki, hammata da tafin ƙafa, ka yi masa fifita, sannan ka nemi likitan dabbobi. Kada ka lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tawul, rufe zafin yake yi.

Ruwan ma akan ɗauki ƙasa da abin da ake buƙata. Kare mai kilo 20 yana shan fiye da lita ɗaya a yini a gida, a hanya cikin zafi ka ninka. Ware masa jarkarsa da kwanonsa daban da na mutane da na lagireto. Wannan yana kuma kawar da rigima, domin mutane da yawa a ƙauyukan hanya ba za su lamunci kare ya sa baki a buta ko bokitin rijiya ba, kuma suna da gaskiyarsu.

Allurar ciwon haukan kare ba ranar jajibirin tafiya ake yin ta ba. Tana buƙatar kusan mako uku kafin ta kama jiki. Mazauna Jos ba su da uzuri, ga cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa a Vom nan kusa, inda ake haɗa allurar. Riƙe katin a mota.

Abin da aka fi mantawa shi ne tsando. Dajin Yankari da bakin koguna masu duhuwa suna da shi, kuma cizonsa yana sa wa kare sammore kamar yadda yake sa wa shanu. Ba a daji za ka ga alama ba, sai an dawo gida da mako ɗaya zuwa uku: zazzaɓi, rama, ƙin abinci, wani lokaci ido ya yi fari kamar an shafa masa madara. Babban kuskuren yana nan gaba. Wani sai ya sayo Berenil, maganin sammore na dabbobi, a kasuwa ya yi masa awon da makiyaya suke yi wa shanu. Maganin yana aiki, amma tsakanin awon warkarwa da na kisa a jikin kare tazara kaɗan ce, yana taɓa ƙwaƙwalwa. A bar wa likita ya auna nauyinsa, kuma a gaya masa inda aka je, in ba haka ba zai yi ta neman cutar kaska kawai. Ita kaskar, a sa magani kafin a tashi, kuma kowane maraice a duba kunnuwa, wuya da tsakanin yatsu. Da hantsaki ake cire ta, a kama dab da fata a ja a miƙe. Zuba kananzir yana sa ta amayar da cuta cikin jini.

Kada ka isa ƙofar Mainamaji, mashigar Yankari, da kare ba tare da ka kira hukumar gandun ka ji ƙa'idarsu ba. Daga ƙofar zuwa sansanin Wikki ma fiye da kilomita 40 ne, ga gwaggon biri da suka saba da mutane, kuma babban namiji yana iya yaga kare. Ko'ina kuka sauka, igiya ba ta barin wuyansa. Karen da ya kori garken shanu ya jawo maka maganar da ba ta ƙarewa a ranar, wanda ya tura hanci ƙarƙashin dutse kuma yana iya gamuwa da kububuwa, musamman a ƙasar Langtang da Wase farkon damina.

Abinci: ba a cika masa ciki lokacin tashi, a ba shi awa uku kafin, a tsaya duk bayan awa biyu. Ragowar tsire da kilishi suna da albasa da yaji, albasa tana lalata jinin kare. Ƙashin kaza dafaffe yana tsagewa a hanji. Farasitamol da ibuprofen na akwatin maganinka ba nasa ba ne.

A cikin mota, kejinsa a ɗaure yake da jikin mota, ba a sake ba, don birki ɗaya ya isa ya wurgo shi gaba. Masu gangarawa ta Hawan Kibo, a hanyar Jos zuwa Akwanga, su sa ƙaramar giya, taka birki tun daga sama yana ƙona shi. Firij da fanka a haɗa su da batir na biyu, kada gari ya waye mota ta ƙi tashi.

Kwana kuma ba a tsakiyar daji ba. Tafiya ta ƙare kafin magariba, a kwana cikin harabar masauki ko inda mai unguwa ya nuna, bayan an gaya masa akwai kare. Da hunturu, sanyin wuraren kan tudun Jos irin su Shere ko Kurra yakan sa a jawo kaskon gawayi ko a kunna janareta dab da mota a rufe tagogi. Iskar da suke fitarwa ba ta da wari, kuma tana kashe mai barci. Janareta ya yi nisan aƙalla mita 6, bututun hayaƙinsa yana kallon waje, gawayi kuma a kashe shi a waje. A ƙara bargo biyu, ɗaya naka ɗaya na karen.