Ku duba filin kafin ku duba sunan ɗan wasa

'Yan uwa masu hasashen tanis na maza, har da masu sa kuɗi (Allah ya shirye mu), kafin ka zaɓi ɗan wasa, fara tambayar a kan wane fili za a buga.

Matsayinsa a jerin ATP (ƙungiyar ƙwararrun 'yan tanis maza) jimillar makin da ya tara ne cikin mako 52, ba ya nuna maka inda ya fi ƙarfi.

A jar ƙasa irin ta gasar Roland Garros da ake yi a Faris, ƙwallo tana rage gudu, tana tashi sama, mai haƙuri da juriya ke cin riba. A ciyawar gasar Wimbledon kuwa zamewa take yi ƙasa-ƙasa, mai ƙarfin bugun farko ke morewa.

Dubi Nadal: kofi 14 a Faris, 2 kacal a Wimbledon. Medvedev ya taɓa zama na ɗaya a duniya a 2022, amma jar ƙasa ta daɗe tana ba shi wahala. Ni kaina sunansa ya taɓa ruɗa ni, na yi asara.

Dabarar ba ta aiki kan irin su Alcaraz da Djokovic, su kowane fili nasu ne. Haka in ɗan wasa ya dawo daga jinya, tarihinsa a filin ba zai hana shi janyewa ana tsakiyar wasa ba.