Jar fitilar baƙin mai: kurakuran da ke sa inji ya buga

Kuskure mafi tsada shi ne ɗaukar jar fitilar nan mai kama da buta a matsayin tunatarwa cewa baƙin mai ya ragu, direba ya ce bari a kai gari sai a ƙara. Ba yawan mai take aunawa ba, ƙarfin turinsa take aunawa. Inji mai lafiya yana tura mai da ƙarfin bar 3 zuwa 4 (bar ma'aunin ƙarfin turi ne) idan ana tafiya, ita kuwa fitilar a motoci da yawa ba ta kunnuwa sai ƙarfin ya faɗo kusan rabin bar. A lokacin ƙarfe ya fara gogar ƙarfe, kuma mintuna kaɗan sun isa metal, wato siraran ƙarafen da sandar inji ke juyawa a kansu, ya narke. Ka gangara gefen titi, ka kashe, ka jira mai ya kwanta, sannan ka zaro geji. In mai ya cika amma fitila ba ta mutu ba, kada ka sake tayarwa, a jawo motar. Ko famfon mai ne ya gaji, ko dauɗa ta toshe rariyar da ke cikin kaskon mai, abin da jinkirin juye ke haifarwa.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne cire wayar sansa, wato na'urar da ke gano matsalar baƙin mai. Mai janareta ya gaji da yadda yake mutuwa da kansa, sai a yanke wayar, a ce an gyara. Alhali janaretan kare kansa yake yi. Haka a mota: bakanike ya zare soket, fitila ta mutu, kowa ya yi murna. Gaskiya ne sansa na lalacewa, amma hanyar ganewa ita ce a kwance shi, a ɗaura gejin hannu mai auna ƙarfin turin mai a gurbinsa, a auna bayan inji ya yi zafi.

Ɓangaren fetur kuma, idan ƙarfin turinsa ya faɗi, biren bos na motocin zamani, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, yakan rage wa inji ƙarfi, ka taka totur ta ƙi ja. Da gangan ne, domin iska mai yawa da fetur kaɗan suna ƙona fistin. Masu cire kan batir don goge matsalar ɓata wa bakanike sawu kawai suke yi. A sa na'ura a karanta lambar matsalar: P0087 na nufin ƙarfin fetur ya yi ƙasa, P0524 kuma na baƙin mai ne.

Sai yawo da tanki kusan wayam. Na san tsadar mai ce ke jawo hakan, amma famfon da ke cikin tanki fetur ɗin ne ke sanyaya shi. Ka riƙe ko da kwata, kuma in ka sha na 'yan bumburutu mota ta fara shaƙewa, a fara duba filta kafin a taɓa famfo.