Yadda Ake Kashe Tsatsa A Jikin Tsohuwar A-kori-kura A Gida

Da yawa daga masu tsohuwar Peugeot 504 a-kori-kura ko Hilux, da sun ga fenti ya fara kumbura a saman taya sai su sayo bodi fila su lafta, su fesa fenti, su ce an gama. Damina ɗaya wurin zai sake tasowa, har ya fi na da faɗi. Fila ba ta kashe tsatsa, lulluɓe ta kawai take yi, ga shi kuma tana shan ruwa.

Ka bari sai rani. Wanke motar har ƙasanta, ka fitar da busasshen laka da ya maƙale a bayan tayoyi, ka bar ta a rana kwana biyu. Sannan ka ɗaga tabarmar roba ta ƙasan direba, ka duba gindin ƙofofi, mazaunin batir da kwanon baya, wato inda ake zuba kaya. Motar da ke dakon taki ita ta fi shan wahala, domin yuriya da NPK suna jawo danshi su zauna a lungu. Haka ma fitsarin dabbobi. Idan kuma 'yar Kwatano ce, wataƙila tun daga Turai ta taho da cutarta, saboda gishirin da suke zubawa a titi lokacin ƙanƙara. Duk inda ka yi shakka, caka sukundireba. In ta huda, wannan aikin mai walda ne, a yanke a sa sabon ƙarfe. Shasi kuwa, musamman inda sifirin ya kama, kada ka ma fara da kanka.

Yanzu ga inda ake faɗuwa, wato kankara. Cire kan batir, sa tabarau da takunkumi, kuma ka nisanta tartsatsi daga tankin mai. Burushin waya, ko na hannu ko wanda ake ɗaura wa giranda, ɓawon sama kawai yake cirewa. Mugun abin shi ne yana goge tsatsar ta yi sheƙi, mutum ya ɗauka ƙarfe ya fito, alhali baƙi-baƙi ne mai santsi. Ƙarfe mai lafiya fari ne tas kamar sabon cokali. Don haka bayan burushi sai samfefa mai lamba 80, ka ci gaba har farin ya bayyana. Kada ka tsaya a bakin tabon. Tsatsa tana bi ta ƙarƙashin fenti, saboda haka ka ƙara kankare kamar faɗin yatsu uku ta kowane gefe, sai ka ga fentin da ya kama ƙarfe gam. Na san ganin ƙaramin tabo ya koma faɗin faranti yana sa gaban mutum ya faɗi, amma abin da ke nan ke nan. Kuma kada ka danne giranda wuri ɗaya, ƙarfen bodi siriri ne, zafi yana lanƙwasa shi.

Za ka ga ƙananan ramuka da samfefa ba ta shiga. Nan ne amfanin maganin tsatsa mai sinadarin fosforik, wanda masu sayar da fentin mota ke ajiyewa. Shafa, ka bi lokacin da aka rubuta a jikin gwangwani, ramukan za su koma baƙi. Ɗan goge saman, ka share da tina, wato ruwan tsinka fenti, da tsumma mai tsabta. Daga nan hannu ba ya sake taɓa wurin, gumi ma gishiri ne.

Komai banda fentin ƙarshe a gama shi ranar, kar ƙarfe ya kwana tsirara. In akwai lotsawa, fila kaɗan, kar ta wuce kaurin milimita 3, a goge da samfefa mai lamba 180 sannan 320. Firaima, wato fentin farko da ke kama ƙarfe, shafi biyu. A cikin firaima efoksi ya fi, kodayake da tsada, jan oksayid ya ishi kwanon baya da ƙasan mota. Fenti da sassafe, ka yayyafa ruwa a ƙasa saboda ƙura.

Masu shafa baƙin mai a ƙasan mota ba na tare da su, yana lalata robobi yana tara ƙasa. Giris a lunguna ya fi. Ramukan da ke gindin ƙofa na fitar ruwa ne, ka riƙa zura waya kana buɗe su, kuma duk ranar da ka sauke taki ka wanke kwanon baya kafin ka kwanta.